Daga Gona Zuwa Unguwa: Nazarin Tarihi da Yanayin Ƙasa da Yawan Jama'ar Unguwannin da Birnin Kano Ya Haɗiye

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi unguwannin da ke kewaye da tsohon birnin Kano, waɗanda a da zango ne ko gandu ko ƙauye mai zaman kansa, amma a yau sun zama ɓangaren birnin. Manufarta ita ce ta nuna cewa waɗannan unguwanni ba tushensu ɗaya ba, kuma tushen kowace unguwa yana bayyana har yanzu a cikin tsarin titunanta da sunan da take amsawa. An dogara da rubuce-rubucen masana tarihi da na labarin ƙasa, da alƙaluman ƙidayar shekarar 2006, da kuma sunayen unguwanni da mazaɓun ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar Kano. Nazarin ya fito da rukuni uku: matsugunan da suka girmi mulkin mallaka, da unguwannin da Turawa suka yanka, da ƙauyukan noma da gini ya cim musu bayan shekarar 1967. An kuma gano cewa tun a 2006 akasarin mutanen Kano a wajen ganuwa suke zaune, alhali tarihin da aka fi rubutawa na cikin ganuwa ne.

Fitilun kalmomi: ganuwa, waje, gandu, awon igiya, sunayen wurare, ƙidaya

1.0 Gabatarwa

A bakin Bakano, kalmar "birni" tana da iyaka sananniya, wato abin da ganuwa ta kewaye. Duk abin da ya tsallake ƙofa "waje" ne. Wannan rabo ya daɗe yana tasiri a kan yadda mutane ke bayyana asalinsu, da yadda masarauta ta tsara mulki, har ma da yadda manazarta suka rubuta tarihin garin. Da zarar an ambaci tarihin Kano, hankali yakan koma ga Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa da unguwanni irin su Yakasai da Madabo. Su kuwa Ɗorayi da Hotoro da Kurna da Na'ibawa, inda dubban ɗaruruwan mutane suke kwana suke tashi, akan ɗauke su tamkar sababbin wurare marasa tarihi.

Wannan maƙala ta tashi ne daga ganin cewa wannan ɗauka tana da gyara. Wasu daga cikin unguwannin waje sun shekara ɗaruruwa da kafuwa, wasu kuma an yi rubuce-rubuce masu zurfi a kansu tun suna ƙauyuka. Farfajiyar nazarin ita ce ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo. An bi al'amarin daki-daki, daga yanayin ƙasa zuwa matakan faɗaɗar gari, sannan yawan jama'a da sunayen unguwanni.

2.0 Yanayin Ƙasar Kano da Kewaye

Kano tana kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsayin kimanin mita 480 daga doron teku. Ban da Dutsen Dala da Goron Dutse, babu wani tsauni da zai tare gini ta kowace kusurwa. Damina takan fara daga wajen watan Mayu zuwa Satumba, sauran watannin kuwa rani ne. Ruwan garin ya rabu gida biyu. Rafin Jakara yana ratsa tsohon birni ya nufi arewa maso gabas, inda rafin Getsi da ke fitowa daga yankin Bompai yake haɗuwa da shi. Ta kudu kuwa ruwa yana gangarawa ne zuwa Kogin Calawa.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne, ƙasar da ke kewaye da birnin ba daji ba ce. Mortimore da Wilson (1965) sun bayyana ta a matsayin yanki mai cunkoson manoma, inda ake noma gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da ya riƙe wannan noma shi ne cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin birni da karkara. Jakuna sukan shigo da itacen girki da hatsi, su fita da takin gari zuwa gonaki. Saboda haka duk taƙin da birni ya ƙara a waje, gonar wani ya shiga, kuma ya iske mutane da dagacinsu da maƙabartarsu.

3.0 Matsugunan Waje Kafin 1903

Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu (1095–1134). An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), aka sake faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki (1618–1623). Waɗannan faɗaɗawa su ne salon farko na haɗiye ƙasar waje, wato a matsar da ganuwa ta rungumo filin da ake buƙata. Sai dai filin da aka rungumo ya fi ƙarfin gidajen lokacin. Da Clapperton ya ziyarci Kano a 1824, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 30,000 zuwa 40,000, kuma ya lura cewa gidaje ba su cinye fiye da rubu'in filin cikin ganuwa ba. Barth ma a 1851 ya ƙiyasta mazauna garin da kimanin 30,000, adadin da yake ninkawa a lokacin hada-hadar fatake. Ke nan matsugunan da aka kafa a waje a wancan zamani ba ƙarancin fili ne ya haifar da su ba. Kowannensu da aikin da yake yi wa birni.

3.1 Zangon Fatake

Fagge ita ce fitacciyar unguwar waje ta wannan zamani. Ana danganta kafuwarta da zamanin Rumfa, a matsayin masaukin Buzaye da sauran fataken da ke zuwa da raƙuma daga Azbin. Ayarin raƙuma yana buƙatar fili da ruwa da wurin kiwo, abubuwan da lungunan birni ba za su iya bayarwa ba. Wannan asali na sauke baƙo bai rabu da Fagge ba, domin har yau tana cikin unguwannin da suka fi tara mutane mabambanta asali da manyan kasuwanni.

3.2 Gandaye da Ribaɗi

Rukuni na biyu na tsofaffin matsugunan shi ne gandayen sarki da na masu sarauta, inda bayi suke noma abincin fada. Nassarawa da Ɗorayi da Gandun Albasa duk suna da alaƙa da wannan tsari, kuma har yanzu akwai gidan sarki a Nassarawa da Ɗorayi. Fanisau kuwa, wadda ke arewa da birni a ƙasar Ungogo, ta yi fice a zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846) a matsayin sansanin tsaro lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku, daga baya kuma ta zama cibiyar gandaye. Salau (2011) ya yi cikakken nazari a kan gandayen Fanisau da rayuwar bayin da suka yi aiki a cikinsu. Muhimmancin gandu ga faɗaɗar gari shi ne kasancewarsa babban fili a hannu ɗaya. Irin wannan fili ya fi sauƙin karɓa domin aikin hukuma fiye da ƙananan gonakin talakawa da gado ya rarraba.

4.0 Unguwannin Zamanin Mulkin Mallaka

Sojojin Ingila sun ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Turawa ba su zauna a cikin birni ba, sai suka kafa mazauninsu a gabas, a yankin Nassarawa da Bompai. A Nassarawa ne Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a 1909. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe gadan-gadan daga 1912, kuma baƙi suka fara kwararowa: ma'aikatan jirgi da akawuna daga kudancin Nijeriya da ƙasashen gaɓar teku, da 'yan kasuwa Kwarori, da 'yan ƙwadago daga sauran lardunan Arewa.

Manufar Turawa ita ce a raba waɗannan jama'a wuri-wuri. An yanka Sabon Gari a 1913 domin mutanen kudu, aka shimfiɗa mata tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna, kuma ta zauna a ƙarƙashin jami'in Bature har zuwa 1940 da aka mayar da ita hannun Hukumar Gargajiya. Kwarori suka sami wurinsu kusa da Fagge, inda Kantin Kwari ya samo sunansa. Tudun Wada da Gwagwarwa suka zama mazaunin 'yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba, ciki har da tsofaffin sojoji da leburori. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa wannan rabo, kuma tsarin Turawa ya tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa.

Daga nan ne kalmar "Waje" ta tashi daga bayanin wuri kawai ta zama sunan yankin mulki, wanda ya ƙunshi Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada da Gwagwarwa, kamar yadda ya zo a nazarin Paden (1973). Alamar unguwannin wannan rukuni ita ce an auna su kafin a zauna. Matsalarsu a yau cunkoso ce, domin fegin da aka yanka wa iyali ɗaya ya koma gidan haya mai ɗakuna barkatai.

5.0 Haɗiye Ƙauyukan Noma

Tun kafin a ƙirƙiro jiha, hukuma ta hango inda gari ya dosa. An shirya tsarin raya babban birnin Kano na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da sunan Trevallion. Amma abubuwan da suka biyo baya sun yi wa tsarin fintinkau. A 1967 Kano ta zama hedikwatar jiha, aka sami sababbin ma'aikatu da ma'aikata masu neman muhalli. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya kawo rukunin masana'antu na Sharaɗa da Calawa, ƙari a kan na Bompai. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da kuma na farkon shekarun 1980 ya koro mutane da yawa daga karkara da ƙasashen maƙwabta zuwa gari.

5.1 Bin Manyan Hanyoyi

Faɗaɗar ta bi manyan hanyoyin da suka fita daga gari kamar yatsun hannu. A hanyar Katsina akwai Kurna da Rijiyar Lemo da Bacirawa har zuwa Dawanau, wadda kasuwar hatsinta take cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. A hanyar Gwarzo akwai Kabuga da Tudun Yola da Rijiyar Zaki da Rimin Gata, kuma sabon mazaunin Jami'ar Bayero ya ja gini zuwa wannan shiyya. A hanyar Zariya akwai Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku da Na'ibawa. Hanyar Maiduguri ta ɗauki Hotoro da Mariri, ta Haɗeja kuma ta ɗauki Yankaba da Tokarawa. Ta kudu maso yamma akwai Sharaɗa da Ja'en har zuwa Fanshekara. Da bakin titi ya cika, sai gini ya koma cike gonakin da suka rage tsakanin wannan hanya da waccan. Mayar da wasu kasuwanni zuwa bayan gari, kamar ta 'yan katako a Na'ibawa da ta goro a Mariri, ya ƙara wa waɗannan wurare jama'a.

5.2 Awon Gwamnati da Awon Igiya

Hanya biyu gona take bi ta zama unguwa. Ta farko ita ce hukuma ta karɓi fili ta yanka fulotai da tituna, ko ta gina rukunin gidaje irin na Kundila, da na baya-bayan nan irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Ta biyu ita ce abin da Kanawa ke kira "awon igiya", inda mai gona ko magadansa, tare da dillalai, suke yanka gonar da kansu su sayar, a rubuta takardar ciniki da shaidar mai unguwa ko dagaci.

Dalilai biyu suka ba awon igiya ƙarfi. Na farko shi ne rabon gado, wanda yake tsinka gona har ta kai matsayin da ba za ta ciyar da iyali ba, sai sayarwa. Na biyu shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa ƙasar birane a hannun gwamna, kuma ta gina diyya a kan amfanin gona da gine-ginen da ke kan fili. Manomin da ya ga gari ya matso kusa da shi ya san cewa in ya sayar da kansa zai fi samun kuɗi a kan ya jira diyya. Shi kuma mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun sauƙin mallakar fili ta wannan hanya. Illar ita ce kowane mai gona iyakar gonarsa yake aunawa, ba ya barin filin makaranta ko asibiti ko magudanar ruwa. Shi ya sa lungunan irin waɗannan unguwanni suke karkacewa: tsohuwar iyakar gona da burtali suke bi. Haka kuma cike kududdufai da yin gini a kan hanyar ruwa suna cikin abubuwan da ke jawo ambaliya a lokacin damina.

5.3 Misalin Ɗorayi

Ɗorayi ta dace da zama zakaran gwajin dafi, domin an yi nazarinta tun tana karkara. A farkon shekarun 1970 Polly Hill ta gudanar da bincike a can, ta wallafa sakamakonsa a 1977 a cikin littafinta kan yawan jama'a da wadata da talauci a karkarar Kano. Ɗorayin da ta bayyana wuri ne na gidajen manoma warwatse a cikin gonaki, wasunsu manya ƙwarai masu ɗauke da iyalai da yawa, ga kuma matsanancin ƙarancin ƙasar noma. A yau Ɗorayi mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Gwale, ta rabu zuwa Ɗorayi Babba da Ɗorayi Ƙarama, kuma gini ya haɗe ta da gari. Cikin abin da bai kai tsawon rayuwar mutum ɗaya ba, ta bi matakai daga gandu da ƙauyen noma zuwa unguwar birni. Duk mai son auna abin da haɗiyewa take yi wa iyali da sana'a da gado, yana da ma'auni a shirye a aikin Hill.

6.0 Yawan Jama'a

Ƙidayar 1952 ta ba Kano mutum wajen 130,000, ta 1963 kuma kimanin 295,000. Alƙaluman farko da aka fitar na ƙidayar 2006 sun nuna yawan jama'ar ƙananan hukumomin takwas kamar haka:

Nassarawa: 596,669
Dala: 418,777
Ungogo: 369,657
Birni: 365,525
Gwale: 362,059
Kumbotso: 295,979
Tarauni: 221,367
Fagge: 198,828
Jimla: 2,828,861

An sha yin jayayya a kan sakamakon ƙidaya a Nijeriya, kuma iyakar abin da ake kira "Kano" ta sauya daga wannan ƙidaya zuwa waccan. Duk da haka, alƙaluman suna nuna inda nauyin jama'a ya karkata. Ƙananan hukumomi biyar da ke wajen ganuwa, wato Nassarawa da Ungogo da Kumbotso da Tarauni da Fagge, suna da mutum 1,682,500, kusan kashi 60 cikin 100 na jimlar. Gaskiya ne cewa a 2006 akwai sassan Ungogo da Kumbotso da suke karkara. Amma a ɗaya ɓangaren, sauran ukun ma ba dukkansu ne a cikin ganuwa ba: Sharaɗa da Gandun Albasa suna ƙarƙashin Birni, Ɗorayi tana ƙarƙashin Gwale, Gobirawa kuma tana ƙarƙashin Dala. Nassarawa ita kaɗai ta ninka yawan mutanen Kano na 1963 sau biyu.

Wani abin lura shi ne ana fitar da alƙaluman ne bisa ƙananan hukumomi, waɗanda iyakokinsu ba su bi iyakokin tsofaffin ƙauyuka ba. Hotoro, alal misali, ta rabu tsakanin Nassarawa da Tarauni. Wannan yana ɓoye tarihin ƙaruwar kowace unguwa a cikin jimlar ƙaramar hukumarta.

7.0 Sunayen Unguwanni a Matsayin Taskar Tarihi

Idan gona ta tafi, suna yakan saura. Ga mai nazarin Hausa, sunayen unguwannin waje hujja ce ta abin da wurin yake kafin gini. Ana iya kasa su kamar haka:

i. Sunayen itatuwa: Giginyu, jam'in giginya, Ɗorayi, jam'in ɗorawa, sai Kurna da Rimin Gata da Rimin Kebe da Tsamiyar Boka. Waɗannan suna tuna da itatuwan gona da manoman Kano ba sa sarewa saboda amfaninsu.

ii. Sunayen ruwa da yanayin ƙasa: Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki, sai Tudun Wada da Tudun Yola da Tudun Murtala da Tudun Fulani.

iii. Sunayen tsarin noma da zama: Gandun Albasa da Sabuwar Gandu da Unguwa Uku. Ƙauyen Alu kuwa mazaɓa ce a Tarauni, a tsakiyar gari, amma har yau tana amsa sunan ƙauye.

iv. Sunaye masu ɗafa-ƙeyar "-awa", wadda ke nuna jama'ar wani wuri ko mabiyan wani mutum: Daurawa da Gobirawa da Badawa da Na'ibawa da Darmanawa.

v. Sunayen zamanin Turawa: Sabon Gari, da Birget, wanda aka aro daga sunan rundunar soja.

Wannan taska tana fuskantar barazana. Sababbin mazauna sukan kira wuri da sunan titi ko gidan mai ko rukunin gidaje, tsohon sunan ya koma bakin dattawa kaɗai. Masu riƙe da bayanin waɗannan sunaye su ne dagatai da masu unguwanni da limamai da tsofaffin manoma, waɗanda a yanzu su ne 'yan tsiraru a garuruwan kakanninsu.

8.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na farko, unguwannin wajen Kano sun kasu rukuni uku ta fuskar asali, kuma wasunsu, kamar Fagge, sun girmi mulkin mallaka da ƙarnuka. Na biyu, yadda aka mallaki ƙasa tun farko, gandu ne ko gonar gado ko filin hukuma, shi ne ya fi tasiri a kan tsarin unguwa a yau. Na uku, rinjayen jama'a ya koma wajen ganuwa. Na huɗu, sunayen unguwanni suna adana bayanin itatuwa da rijiyoyi da al'ummomin da gini ya shafe alamarsu.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun yadda birnin Kano ya tsallake ganuwarsa ya haɗiye zango da gandaye da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Abin da ya faru da Ɗorayi da Hotoro shi ne yake tunkarar garuruwan Dawakin Tofa da Gezawa da Dawakin Kudu da Tofa waɗanda suke bakin iyakar gari a yanzu. Don haka ana ba sassan nazarin Hausa da na tarihi da na labarin ƙasa shawarar su haɗa hannu wajen tattara sunayen wurare da tarihin baka na kowace unguwa, a fara da waɗanda har yanzu ake noma a gefensu. Ana kuma ba hukumomin tsara birni shawarar su shiga tsakani tun gona tana gona, su keɓe hanya da magudanar ruwa da filin makaranta da maƙabarta kafin a ja igiya, kuma su riƙa sanya tsofaffin sunaye a kan taswira da allunan tituna. Ɗaliban da ke neman batun kundin digiri za su iya ɗaukar unguwa ɗaya, su bi salsalar dagatanta da iyakokin gonakinta na da, su kwatanta da yadda take a yau.